Ganye biyu da toho

Shekara 34 mahaifina ya yi yana sayar da shayi a Jos. Teburinsa na bakin titi a wajen Gangare, benci biyu, kurfoti, da wata babbar buta da gindinta ya yi baƙi ƙirin saboda gawayi. Tun ina aji uku na firamare aikina shi ne wanke kofuna kafin in wuce makaranta. Wanda ya san asubar Jos a watan Disamba ya san abin da ake nufi da tsoma hannu cikin bokitin ruwa a wannan lokaci. Da kuɗin teburin nan aka yi mini rajistar jarrabawa, da shi na yi karatu har na zama malamin labarin ƙasa a wata sakandare.

A zangon da ya wuce ina koyar da amfanin gona na ƙasashe masu tuddai, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Malam, ganyen shayi a ina yake fitowa?" Na ba ta amsar littafi: Sin ce kan gaba, sai Indiya, sai Kenya da Siri Lanka, mu ma nan Najeriya ana noma shi a tsaunin Mambila na jihar Taraba. Ta ce, "Malam, ka taɓa ganinsa?" Na ce mata a'a.

Da daddare na kai wa Baba tambayar. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi duk zatonsa wata ciyawa ce irin na'a-na'a da ake yanka a shanya. Mutumin da ya sheƙa shayi fiye da rabin rayuwarsa, wanda daga launi kaɗai yake gane ganyen da ya kwana biyu a shago, bai taɓa ganin ɗanyensa ba. Abin ya tsaya mini a rai. Da aka yi dogon hutu, cikin watan Agusta, na haɗa jakar goyo: suwaita biyu, rigar ruwa, tocila, ƙaramin bargo, dabino da ƙuli-ƙuli, sai littafin rubutu. Da na durƙusa yin sallama Baba ya ce, "Allah ya tsare hanya. In ka je ka tsinko mini ɗanyensa, in gani da idona."

Ranar farko ba ta da wani labari sai zama. Daga tashar hanyar Bauchi muka tashi da sassafe, muka wuce Bauchi, Alkaleri, Gombe, Kaltungo, muka haye Binuwai a gadar Numan, ba mu shiga Jalingo ba sai da dare ya yi. Kashegari na sami gurbi a wata tsohuwar mota mai zuwa Gembu, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, buhunan gishiri da katan-katan na taliya a but har murfin ba ya rufuwa. Garba Chede, Bali, Serti. Zafi da gumi irin na kwari, ga daji ya yi duhu hagu da dama. A Serti ne hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Ban shiga ba. Aljihuna da kwanakina na shayi ne.

A Mayo Selbe direba ya tsaya, ya buɗe gaban mota, ya ƙara ruwa, ya zagaya yana dukan tayoyi da ƙafa. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ciro mayafi mai kauri daga ledarta ta yafa, alhali ni gumi nake yi. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ciro rigar sanyinka tun yanzu." Na ce mata ai daga Jos nake, Inna. Ta yi murmushi kawai.

Daga nan aka fara hawa. Hanya ɗaya ce, tana naɗe jikin dutse kamar rawani, gefe ɗaya bango, ɗaya gefen kwazazzabo wanda ba ka hango ƙarshensa. Direba ya kashe rediyo. Kowace kwana sai ya danna ham tun daga nesa, motar tana nishi a giya ta ɗaya. Kunnuwana suka toshe, suka buɗe, suka sake toshewa. Wani fasinja ya nuna mini wajen da ake kira Hawan Biyu da Sisi, ya ce tun kafin a fasa titin mota, sule biyu da sisi 'yan dako ke karɓa su hau da kaya a ka. Na leƙa ta taga na dubi tsayin wurin, na tuna buhunan gishirin da ke bayanmu. A wasu wuraren ruwan sama ya zaftare gefen hanya, jar ƙasa ta zubo har tsakiyar kwalta, sai mota ɗaya ta jira ɗaya ta wuce. Babu mai magana sai salati a hankali.

Sai kawai muka fito sarari, iska mai sanyi ta bugo ta taga, na ciro suwaitar.

Mu mutanen Jos muna da alfahari da tudunmu, kuma da gaskiyarmu. Garin yana sama da mita 1,200, duwatsun Shere sun kai wajen 1,800, muna noma dankalin Turawa a Bokkos da Mangu, kabeji da karas sun cika Farin Gada. Amma gaba da gabanta. Mambila a matsakaici mita 1,600 ce, kuma kamanninta daban ne da namu. Tudunmu na duwatsu ne, manya-manya a ɗore kan juna, da shingen ƙyarana, da tafkunan da haƙar kuza ta bari. Nasu kuwa tuddai ne masu sulɓi, ɗaya bayan ɗaya har iyakar gani, kore shar kamar an shimfiɗa darduma, ba dutse ba ƙaya. Shanu jajaye da farare sun bazu a kai, ƙosassu, don ƙudan tsando ba ya hawa can. Gajimare ba a sama yake ba, yana tafe ne a kan ciyawa, ya rufe garke ya buɗe. Abu ɗaya da na gani na ji kamar ina gida shi ne bishiyar turare. Mu an dasa mana ita a kan tsofaffin filayen kuza, su kuma sun kewaye gidaje da gonaki da ita, da ita suke girki, da ita suke rufi.

Na sauka a Nguroje da magariba, ana yayyafi. Bayan na ajiye jaka a wani ɗan masauki na yi sallah, ƙafata da kanta ta kai ni teburin mai shayi. Duk inda ɗan mai shayi ya je a duniya, in ya ga benci da buta ya ga 'yan'uwa. Hirar da ake yi a teburin da Fulatanci ake yinta, don shi ne harshen kasuwa a can, tsakanin Mambilawa da Fulani da Kaka da sauran ƙabilu, amma da na yi sallama sai aka juya Hausa saboda ni. Na ce a ba ni ruwan bunu, kada a sa madara. Mai shayin ya ɗebo ganye da cokali daga wata leda, ba na jaka mai zare ba, ya zuba a rariya. Ya fito ja wur, mai kauri, da ɗan ɗaci mai kama harshe a ƙarshe. Na tambaye shi na ina ne. Ya nuna duhu da haɓarsa ya ce, "Na nan bayanmu ne, Kakara."

Da na gaya masa abin da ya kawo ni da sana'ar mahaifina, ya ƙi karɓar kuɗina. Ya ce gobe ƙaninsa mai acaɓa zai kai ni gidan wata gwaggonsu da ke da 'yar gonar shayi. A teburin nan ne wani dattijo ya tuna mini abin da nake koyarwa a aji amma ban taɓa jin sa daga bakin mai wurin ba: kakanninsa a ƙarƙashin Jamus suka fara ganin Bature, sannan Ingila, kuma sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yankin ya zaɓi zama cikin Najeriya maimakon Kamaru. Shi ya sa aka sa masa sunan Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar ke amsawa har yau. Na so in tambayi rikicin 2017 tsakanin manoma da makiyaya. Na fara, sai na ga yadda kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Mutumin Jos ba ya bukatar a fassara masa irin wannan shirun. Na bar maganar.

Da safe muka hau babur cikin hazo, jar laka tana fallatsa har gwiwa. Muna gangara wani tudu sai ƙanin mai shayin ya rage gudu ya ce, "Malam, ga abin da ka zo nema."

Ban san me na zata zan gani ba, amma ba wannan ba. Ba ciyawa ba ce, ba kuma bishiya ba. Wasu dunƙulallun itatuwa ne iya ƙugu, an dasa su layi-layi sun haɗe da juna, samansu a baje kamar tebur, sun bi tudu sun gangara kwari sun sake hawa. Ƙasan ganyen kore ne mai duhu, saman kuwa, inda sabon toho yake, kore ne mai haske kamar an shafa mai. Na sauka na tsinki ɗaya na murza na shinshina. Ko kaɗan ba ya ƙamshin shayi. Warin ɗanyen ganye kawai. Na tauna, ɗaci ya cika mini baki.

Gwaggon tasu, wadda kowa ke kira Dada, ta tarbe ni da "Jabbama", ta ba ni ɗakin ɗanta da ke karatu a Jalingo. Kwana huɗu na yi a gidan. Tuwon masara da miyar wani ganye da suke kira kumbi, fiya da ayaba daga bayan gida, da dare kuma kowa ya matso murhu. Bargona bai isa ba, sai da ta ƙara mini wani.

A rana ta biyu na roƙe ta ta bar ni in bi ta gona. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗauko wata leda mai kauri ta ce in ɗaura a ƙugu kamar zani. Da muka kutsa cikin layin na gane dalili: raɓar da ke kan ganyen ta isa ta jiƙa mutum sharkaf cikin minti biyar, ga sanyinta kamar ruwan randa. Ta goya kwando a baya, ta kamo wani reshe ta nuna mini. "Ka gani? Toho ɗaya, wannan da bai buɗe ba. Ganye biyu na ƙarƙashinsa. Shi ke nan. Na ukun ka bar wa uwar."

Sai ta fara. Hannu biyu take aiki da su lokaci ɗaya, babban yatsa da manuni, ƙas, ƙas, ƙas, idonta na kan inda hannun zai je gaba, ba inda yake ba. In tafin ya cika ta watsa ta kan kafaɗa cikin kwando ba tare da ta waiwaya ba. Tana yi tana hira da maƙwabciyarta da ke layi na uku. Na dubi yatsun nata da kyau da muka zauna hutawa: gefen manunin ya yi baƙi ya yi kanta, da 'yan tsage-tsage da ruwan ganyen ya rine. Irin hannun Baba ne sak, sai dai nasa wuta da ruwan zafi ne suka mayar da shi haka, nata sanyi da raɓa.

Ni kuwa sai na tsaya na duba, na ƙirga, sannan in tsinka. Bayan awa biyu ta karɓi abin da na tara, ta zazzage a kan buhu, ta tsince tsofaffin ganyen da na haɗo da su. Ta naɗe ɗaya a yatsa ya karye, ta naɗe sabon toho ya lanƙwashe bai karye ba. Ta ce mai taurin nan shi ke ɓata shayi, ya sa shi ya yi salam, kuma in ya yi yawa a wurin awo sai a rage wa mutum daraja. Ta ce bayan mako ɗaya zuwa biyu za ta dawo wannan layin, sabon toho ya fito, haka ake yi muddin ana ruwa. In aka bar itacen ba a aske shi ba, zai tashi ya zama bishiya ya fi ɗaki tsawo, don haka duk bayan 'yan shekaru sai a datse shi ƙasa ya sake sabon jiki.

Mijinta ya yi aiki a masana'antar Kakara, inda ake yin Highland Tea, kafin ya yi ritaya. Shi ya warware mini abin da ya ɗaure mini kai, wato yadda ganyen da ba ya ƙamshi yake komawa abin da na tashi ina shaƙa. Ya ce da farko ana baza shi a dogayen kwatami ana hura masa iska har ya yi laushi ya rage ruwa. Sannan inji ya yayyanka shi ya murje. Daga nan a bar shi ya sha iska, nan ne sirrin yake: kamar yadda goro ke sauya launi in an fasa shi aka ajiye, haka koren ke komawa ja, ja ya koma ruwan ƙasa, ƙamshin ya taso. In ya kai yadda ake so sai a tsayar da shi da zafin na'urar busarwa, ya fito baƙi, a tankaɗe a raba manya da ƙanana. Ya ce koren shayin Sin da samari ke dafa ataya da shi a majalisa, itace ɗaya ne da wannan. Bambancin kawai, shi ana yi masa zafi tun da wuri don kada ya sauya launi.

Kuma ganyen ba ya jira. Wanda aka tsinka da safe dole ya isa masana'anta a ranar, in ya kwana a danne cikin buhu sai ya ɗau zafi ya ƙone da kansa. Shi ya sa da azahar za ka ga mata da kwanduna sun yi layi a wurin sikeli, kowa na duban hanya.

Ya ce sai an tsinki fiye da kilo 4 na ɗanye kafin a sami kilo 1 na busasshe. Da dare na zauna da tocila na yi lissafi a littafina. Jakar shayi guda mai zare giram 2 ce, wato kusan cikin tafin hannun Dada guda. Na tuna yawan kofunan da nake wankewa kowace safiya, na ninka da kwanakin shekara, na ninka da 34. Ban ƙarasa lissafin ba. Na dai kwanta ina tunanin mata nawa, a tuddai nawa na duniya, suka tsaya cikin raɓa da asuba domin Baba ya hura gawayi a Gangare, ba su san shi ba, bai san su ba.

A shekarun 1970 aka kawo irin shayin nan daga Kenya aka fara gonar Kakara, kuma Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya tana da reshe a Kusuku, nan kusa, inda ake nazarin shayi da gahawa. Wurin ya karɓe shi ne don abu uku da itacen ke so duk sun haɗu: ruwan sama mai yawa na tsawon watanni, sanyi marar tsanani, da jar ƙasa mai tsami. Tsallaken iyaka a Ndu ta Kamaru ma shi ake nomawa, don tudu ɗaya ne siyasa ta raba. Kenya da ta ba mu irin, yau ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da baƙin shayi, daga tuddan Kericho zuwa kasuwar gwanjo ta Mombasa, kuma ƙananan manoma irin Dada ne ke noma mafi yawansa.

Nan ne abin ke yi mini ciwo. Babu unguwar da za ka shiga a Arewa ba ka ga mai shayi ba, daga Sakkwato har Maiduguri, safe da dare. Amma mafi yawan ganyen da ke cikin butocin nan daga waje ake shigo da shi, alhali ga tuddai nan iyakar ganinka da za su iya ɗaukarsa. Na ga dalili ɗaya da idona, don ta kansa na hau: duk abin da Mambila ta noma, shayi ne, fiya ce, ayaba ce, saniya ce, ta wannan siririyar hanya mai zaftarewa zai sauka. Tun ina yaro nake jin labarin babbar tashar lantarki ta Mambila mai megawat 3,050, har yau a takarda take. Abin da na tarar yana aiki shi ne wata 'yar ƙaramar madatsa ta Tunga da ke ba masana'antar shayin wuta. A ganina mutanen can ba alkawari mai girma suke jira ba. Hanya suke so mai kyau, da sikeli na gaskiya, da kuɗin ganye a kan lokaci.

Na leƙa Gembu kwana ɗaya, na ga kogin Donga yana ratsa kwari, na kuma taka zuwa bakin kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, inda birai masu kama da mutum suke zaune har yanzu. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, ban ga ko ɗaya ba, na juyo a jiƙe. Raina dai yana gonar Dada.

Ranar da zan taho ta tsinko toho guda bakwai da hannunta, ta naɗe a ganyen ayaba. Mijinta ya kawo busasshe cikin leda, sannan ya shiga bayan gida ya fito da wani ɗan dashe a baƙar leda, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba, ganye biyar. Ya ce, "Ka kai wa Baba. Ka ce abokin sana'arsa ne ya aiko." Na ce "Useko", kalmar godiya ɗaya da na koya, na kasa ƙara komai. Kwana biyu na yi ina riƙe da dashen nan a kan cinya, daga Nguroje har tashar hanyar Bauchi, ina kare shi daga gwiwar fasinjoji.

Na iso gida bayan isha'i. Baba na zaune a tabarma a zaure. Na buɗe ganyen ayabar, sai na tarar zafin kwari da matsin jaka sun riga sun fara aikinsu: gefen tohon ya yi ja, ya yi laushi. Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da fitila, ya juya shi, ya shafa 'yan ƙananan haƙoran da ke gefen ganyen da farcensa. Ya kai hanci. Ya sake kaiwa.

"Ikon Allah," ya ce. "Ya fara ƙamshin."

Ya sa aka hura gawayi a daren, ya dafa busasshen da kansa a tsohuwar butarsa, ya sheƙa shi tsakanin kofi biyu yadda ya saba, hannu sama hannu ƙasa. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya ce wannan zai ɗauki madara, ba zai mutu a ƙarƙashinta ba. Sannan ya sa na ba shi labarin Dada tun daga farko, ya tambaye ni sau biyu yadda yatsunta suke.

Dashen yana bayan ɗakinsa yanzu, gefen da rana ba ta dukansa da yamma. Na gaya masa ranin Jos ya fi na can tsawo, hunturu na iya ƙona shi. Ya kewaye shi da tsohon buhu, kuma kullum bayan sallar asuba da butar shayin yake ba shi ruwa. Shekaranjiya ya aiko ƙanwata ta kira ni daga ɗaki, wai in zo in gani, ya yi sabon toho.